Sabara a Gonakin Birnin Kudu da Gwaram: Renon Kututture da Turbuɗe Reshe a Matsayin Hanyar Yaɗa Ta

Tsakure

Takardar nan ta duba sabara, wadda masana tsirrai ke kira Guiera senegalensis, a gonakin tudu na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa. Ta kawo abin da bincike ya gano game da ita a Senegal da Nijar da Burkina Faso, ta auna shi da ƙasa da ruwan sama da tsarin noman wannan yanki. Matsayin takardar shi ne, hanya mafi araha ta yawaita sabara a gona ita ce a tsare kututturen da ke nan, a turbuɗe rassansa a tsakiyar damina su yi saiwa, a bar shuka iri a leda ga wuraren da sabarar ta ƙare ƙaƙaf. Takardar ta kuma nuna cewa abin da zai fi ba da wahala ba dabarar yaɗawar ba ce. Garma da gatari da tsarin mallakar gona su ne za su yanke hukunci.

Gabatarwa

Idan aka ce wa manomi a Kangire ko Kondiko ya lissafa itatuwan gonarsa, zai ambaci ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya, wataƙila ya ƙara da darbejiyar da ke bakin iyaka. Ba zai ambaci sabara ba, ko da kuwa a tsakiyarta yake tsaye. A wurinsa sabara daji ce: abin da ake sarewa lokacin sharar gona a watan Afrilu ko Mayu, a tara a cinna wa wuta, ta toho, a sake sarewa. Haka kakansa ya yi, kuma sabarar ba ta mutu ba.

Hukuma ma kallon da take yi mata ke nan. Tun da aka shigo da darbejiya Borno a 1928, aikin dashen itatuwa a Arewa ya ginu ne a kan baƙin itatuwa masu saurin girma, musamman darbejiya da turare, waɗanda ake reno a leda a raba wa jama'a da damina. An kafa hukumar kula da shirin katangar itatuwa ta Afirka a Nijeriya da dokar 2015, Jigawa na cikin jihohi 11 da aikinta ya shafa. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi ne masu yawa, kuma darbejiya ta yi rana, duk wanda ya taɓa shan inuwarta a bakin kasuwar Sara da azahar zai ba da shaida. Sai dai darbejiya da turare ba abokan zaman gero ba ne a tsakiyar kunya. Manomi yana kai su bakin iyaka ne saboda ya san inuwarsu da saiwarsu. Tambayar da wannan takarda ta ɗauko ita ce: wane tsiro ne zai iya zama a cikin gonar kanta, shekara da shekaru, ba tare da ya danne amfani ba, kuma yaya za a yawaita shi ba tare da an jira motar rabon dashe ba?

Ita kanta sabarar

Sabara 'yar gidan su geza da marke da baushe ce, wato dangin Combretaceae, kuma ita kaɗai ce a jinsinta. Masanin nan na Jamus, Gmelin, shi ya yi mata sunan kimiyya a 1791, Dalziel kuma ya rubuta sunanta na Hausa a littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa na 1916. Tana yaɗuwa tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan. Yawanci tsayinta mita 1 zuwa 3 ne, ba ta da gangar jiki guda, rassa ne da yawa ke fitowa daga kututture ɗaya da ke kwance dab da fuskar ƙasa.

Wanda ya tsinki ganyenta ya juya bayansa zai ga ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe a kan launin toka-toka, da gashi mai laushi. Ganyen bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna. Furen yana taruwa a dunƙule, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, kuma an fi ganinsa daga ƙarshen damina zuwa cikin rani. 'Ya'yan dogaye ne sirara, santimita 3 zuwa 4, lulluɓe da gashi, suna baje daga tushe ɗaya kamar ƙafafun gizo-gizo. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne lokacin da take riƙe ganye. A watan Janairu da Fabrairu, lokacin da gona ta zama fili fetal, an kwashe kara, dabbobi sun lashe harawa, sabara na nan da ganyenta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tana shan ruwa daga inda saiwar gero ba ta kaiwa.

Amfaninta a gida sananne ne, ba sai na daɗe a kai ba. Ana dafa ganyen don tari da gudawa da atini, ana sa shi a ruwan wankan jego, ana asuwaki da saiwar, makiyaya na turara hayaƙinta a garke don korar ƙudaje, rassanta kuma shinge ne da kirare. A Jami'ar Ahmadu Bello, M. S. Abubakar da abokan aikinsa sun wallafa a shekarar 2000 cewa ruwan ganyenta ya rage ƙarfin dafin maciji a gwajin ɗakin bincike. Gwajin ɗaki ne, ba izini ba ne na a hana wanda kububuwa ta sara zuwa asibiti.

Abin da aka gano a Senegal da Nijar

Bincike mafi tsawo a kan sabara a cikin gona an yi shi ne a ƙauyen Keur Matar Arame, kusa da birnin Thiès na Senegal, inda Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka da Ibrahima Diedhiou da sauran masanan Senegal suka kafa filin gwaji tun farkon shekarun 2000, ana karɓa-karɓa tsakanin gero da gyaɗa. Ƙasar wurin rairayi ce kusan zalla, ruwan sama kuma kimanin milimita 450 a shekara. Abubuwa biyu suka sauya daga al'adar manoman yankin. Na farko, sun ƙara yawan sabarar daga 'yan ɗaruruwa a hekta zuwa wajen 1,500. Na biyu, sun daina ƙonawa: idan an sare ta da faɗuwar damina, sai a daddatsa ganye da rassa a mayar cikin ƙasa. Shekara bayan shekara, filayen da ke da sabara suka riƙa fin waɗanda aka tumɓuke ta yawan gero, da takin zamani ko babu, a wasu shekarun har ninki biyu ko uku. Sun kuma lura amfanin yana nuna da wuri da kusan mako biyu, abin da ba ƙarami ba ne a inda damina ke iya ɗaukewa ba sallama.

Sabara ba ta cikin tsirran da ke kama naitirojin daga iska irin su wake da gyaɗa, saboda haka dole a nemi dalilin a wani wuri. Kashi ɗaya na dalilin shi ne ganyen da ke ruɓewa. Saiwarta na jawo sinadarai daga ƙasa mai zurfi, ganye ya zubo da su sama, gara da ƙananan halittun ƙasa su narkar da shi. Kashi na biyu iska ce. Alexander Wezel da abokan aikinsa sun nuna a kudu maso yammacin Nijar, a wallafe-wallafen shekarar 2000, cewa ƙasar gindin sabara ta fi ta fili ƙarfi, domin tana tare ƙurar hunturu da rairayi da ɓuntun da iska ke kwasa daga gona. Kowa na iya ganin wannan da idonsa: gindin tsohuwar sabara kullum a kan ɗan tudu yake, kuma geron da ke kewayensa ya fi duhun ganye.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi ba da mamaki. Da rana ganye na fitar da ruwa, saiwa na jawowa. Da dare ƙofofin ganye sun rufe, amma doguwar saiwar da ke cikin danshi ba ta daina ɗaukar ruwa ba, sai ruwan ya bi ta gajerun saiwoyin da ke kusa da sama ya tsattsafo cikin busasshiyar ƙasa. A 2018 Nathaniel Bogie da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da ya tabbatar da cewa gero na shan wannan ruwa. Sun ba doguwar saiwar sabara ruwa mai alama, wanda aka ƙara masa wani nau'in haidirojin mai nauyi da ake iya ganewa a ɗakin gwaji, suka hana filin ruwa don su kwaikwayi fari. Cikin awa 12 zuwa 96 alamar ta bayyana a jikin geron da ke kusa. Geron da ke tare da sabara ya tara jiki fiye da ninki tara na wanda ke shi kaɗai.

A nan ya kamata a yi hattara. Ruwan da sabara ke ɗagowa da dare ba ban-ruwa ba ne da zai cika rumbu idan damina ta ƙi. Ɗan danshi ne da ke riƙe ran saiwa na wasu kwanaki, a lokacin nan da ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya naɗe ganye, manomi na kallon gabas. Amma sau da yawa waɗannan 'yan kwanakin ne ke raba wanda zai girba da wanda zai sake shuka.

Ina ta dace a kudancin Jigawa

Kuskure ne a ɗauko sakamakon Keur Matar a ɗora wa Birnin Kudu kai tsaye. Ruwan sama a Jigawa yana ƙaruwa ne daga arewa zuwa kudu, daga wajen milimita 600 ko ƙasa da haka a bakin iyakar Nijar zuwa kusan 1,000 a wannan yanki, wato ninki biyun na filin gwajin Senegal. Ƙasar ma daban ce. Arewacin jihar na kan rairayin kwarin Chadi, Birnin Kudu da Gwaram kuwa na kan tsohon dutse, shi ya sa ake ganin duwatsu sun ɓullo ko'ina, kuma ƙasa na sauyawa cikin ɗan taƙi: jigawa a tudu, tsakuwa a gindin dutse, jar ƙasa, sai laka a fadamun kogin Bunga da rafukan da ke zuba cikinsa. Wannan yanki na gefen da ya fi danshi ne a cikin shimfiɗar da sabara ke so.

Ma'anar haka ita ce ba kowace gona ce tata ba. Wurinta shi ne tudu mai rairayi da ruwa ba ya kwanciya, gonar gero da gyaɗa da wake da riɗi, da tsohuwar saura da ta gaji. Ba ta son inuwa, don haka ba ta da abin yi a ƙarƙashin ɗorawa ko mangwaro. A ƙasa mai nauyi, inda ake dawa da masara, kalgo ya fi ta dacewa, kuma masanan Senegal ɗin sun bi wannan rabon: a Nioro du Rip, inda ruwa ya fi yawa, da kalgo suka yi gwajinsu. A ganina ribar sabara a nan za ta fi fitowa ta fuskar gyaran ƙasa da tare zaizaya fiye da ta fuskar ruwa, sai dai a shekarun da damina ta yi gardama a watan Yuni.

Akwai kuma matsin jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum fiye da 300,000, Gwaram fiye da 270,000, kuma an daɗe da yin ta. Da can saura ce ke mayar wa ƙasa ƙarfinta, kuma sabara ce kan gaba wajen rufe saurar. Yanzu wa ke da gonar da zai bari ta huta shekara biyar? Abin da ake nema shi ne a shigo da aikin saura cikin gonar da ake nomawa kowace shekara.

Kututture tukuna

Kafin a yi maganar yaɗawa, a fara da abin da ke hannu. Kututturen sabara da ya shekara 20 ana sare shi yana da saiwar da babu dashen leda da zai kamo ta cikin 'yan shekaru. Wannan shi ne darasin Maraɗi. A farkon shekarun 1980, bayan dashen leda ya yi ta mutuwa a hannunsa, Tony Rinaudo na ƙungiyar SIM ya lura cewa 'yan tohon da ake sharewa a gonaki kututturan itatuwa ne masu rai. Daga nan aka samu abin da manoman Nijar ke kira sassabin zamani, wanda aka ƙiyasta ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram da maƙwabtansu. Sabara na cikin tsirran da suka fi yawa a waɗannan gonaki.

Amma akwai bambanci da ya kamata malaman gona su riƙe. A sassabin zamani ana zaɓar reshe biyu zuwa biyar a bar su su miƙe su zama itace. Wannan ya dace da sabarar bakin iyaka da gefen burtali, inda ake son shinge da itacen girki. A tsakiyar gona kuwa tsarin Senegal ya fi: a sare ta ƙasa-ƙasa da damina don kada ta yi wa amfani inuwa, a bar ta ta yi ganye da rani. Gona ɗaya na iya ɗaukar duka biyun.

Turbuɗe reshe

Sabara da kanta take nuna wannan hanya. Inda iska ta tara rairayi a kan reshen da ya kwanta, idan aka tona bayan damina za a tarar ya yi saiwa a wurin da ƙasa ta rufe. Babou André Bationo na Burkina Faso da Saley Karim na Nijar da Ronald Bellefontaine na cibiyar CIRAD ta Faransa sun bibiyi wannan ɗabi'a, suka wallafa a 2005 cewa manomi na iya yin ta da gangan, ba leda, ba ban-ruwa, ba sayen komai. Rahotanni daga can sun nuna saiwa na fara fitowa cikin kusan mako biyu idan ƙasa na da danshi.

Lokacinta marka ce, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, sa'ad da ƙasa ba ta bushewa tsakanin ruwa da ruwa. A zaɓi reshe ɗanye mai lanƙwasuwa, wanda bai yi tsufan da zai karye ba, mai tsawon mita ɗaya ko fiye. A ja ɗan rami da bakin fartanya daga gindin zuwa inda ake so, zurfin santimita 10 zuwa 15. A zage ganyen sashen da za a binne, a ɗan kankare ɓawon ta ƙasa da wuƙa, a kwantar da reshen a hankali ba tare da an raba shi da uwar ba. A danne shi da 'yar gwafa ko dutse, dutse kuwa ba ya wuya a ƙasar Gwaram, a mayar da ƙasa a taka da diddige. Kan reshen mai ganye a bar shi a waje yana kallon sama. Aikin bai fi na 'yan mintoci ba, yaro mai hankali zai iya.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen gaggawar yankewa. Fitowar saiwa ba ta nufin sabon tsiron zai iya ɗaukar ranin watanni bakwai shi kaɗai. Shawarata a bar shi manne da uwar har damina ta zagayo, tana shayar da shi daga zurfi, sannan a datse tsakaninsu. Daga nan ko a bar shi a wurin, ko a cire shi da ƙasarsa a kai inda ake da giɓi, a yini mai hadari.

Abu biyu ke iya rushe wannan aiki tun bai fara ba. Idan aka sare komai a sharar gona, tohon da zai fito kafin Agusta ba lallai ya kai tsawon da ake so ba, don haka a ware reshe biyu ko uku a kowane gindi tun watan Mayu. Sannan ɗan ƙwadagon da aka ɗauka noman maimai bai san da zancen ba, yana ganin kan sabara a kunya zai kai mata fartanya, kuma a ganinsa aikin kirki ya yi. Sai an kafa alama, an kuma faɗa masa da baki.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka gona mai hekta ɗaya tana da gindi 200. Idan kowane gindi ya ba da 'ya'ya biyu da suka rayu a shekara, an ƙara 400 ke nan, cikin shekara uku an kai 1,400, ba tare da an lissafa abin da sababbin za su bayar ba. Wannan misali ne na alƙalami, a gona za a yi asara. Amma ya nuna cewa yawan da aka yi aiki da shi a Senegal ba abin da ya fi ƙarfin mai fartanya ba ne.

Iri, saiwa da sanda

Inda tarakta ko masu tonon itace suka ƙarar da kututture, babu uwar da za a kwantar da reshenta, dole a koma ga iri. Ana tsinkar 'ya'yan da rani idan sun bushe suna saki da an taɓa, kafin iska ta ɗebe su. A shuka uku ko huɗu a leda ɗaya mai rairayi da ruɓaɓɓen taki, a rage idan sun fito, a dasa bayan damina ta zauna sosai. Wahalar ita ce renon yana faɗawa ne a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiya ta yi ƙasa, kuma doguwar saiwar kan huda leda ta shiga ƙasa idan ba a riƙa ɗaga ledojin ba. Duk da haka kada a raina iri. Duk abin da aka samu ta turbuɗe reshe kwafin uwarsa ne, gona kuma ba ta son a cika ta da zuriyar gindi ɗaya. Gidajen renon itatuwa na gwamnati za su yi amfani a nan, idan suka ware ko da layi ɗaya ne ga sabara da kalgo da geza.

Saiwar da ke kwance kusa da sama, idan ta ji rauni, takan fitar da toho a wurin, kuma garma na yin haka ba da niyya ba. Irin wannan toho a tsare shi, kyauta ce. Kafa sanda kuwa, yadda ake yi wa dashi da bini-da-zugu a shinge, ba a san sabara da shi ba, kuma ban ga dalilin ɓata lokaci a kansa ba alhali ga hanya mai sauƙi.

Sara ba ƙonawa ba

Yawaita sabara ba zai yi wani tasiri ba idan ashana na nan. Wuta na kore naitirojin da kabon da ke cikin ganyen zuwa sama, tokar da ta rage kuma guguwar bazara ta kwashe rabinta. Manomi na da hujjarsa: ƙonawa ta fi sauri, tana kore macizai da kunamu, kuma gona mai tsabta ita ce mutuncin mai ita a idon masu wucewa. Daddatsa rassa da adda aiki ne, a lokacin da aiki ya fi yawa. Ina ganin sulhun da zai karɓu shi ne a sare, a bar rassan kwance 'yan kwanaki ganyen ya kakkaɓe, a kwashi masu kauri a kai gida a matsayin itace, a bar ganye da ƙananan rassa huɗa ta rufe su. Matan gida sun samu kirare, ƙasa ta samu rabonta. Tohon da ya biyo baya a sare shi a noman firi da maimai a bar shi a kwarin kunya. Daga lokacin da gero ya fi ƙarfin inuwarta, a ƙyale ta.

Garma, gatari da mai gona

A wannan yanki huɗa da garmar shanu ta zama ruwan dare, haya ta tarakta kuma na ƙaruwa. Mai shanu ba ya son kututture a hanyarsa, yana karya masa baki, yana karkatar da kunya. Tarakta kuwa tumɓukewa take yi. Idan sabara ta warwatsu ba tsari, za a ci gaba da cire ta, kuma ba za a ga laifin mai cirewa ba. Mafita ita ce layi. A kwantar da rassan duk ta fuska ɗaya, bisa tsawon kunya, ta yadda cikin 'yan shekaru za su zama jeri. Tazarar mita 4 tsakanin layuka da mita 2 a cikin layi na ba da gindi 1,250 a hekta, kuma shanu na wucewa a tsakani. A gangare, layin ya gitta hanyar ruwa.

Sai batun wa ke da ita. Ɗorawa na da mai ita, wanda ya taɓa kalwar wani ya san zai je gaban mai unguwa. Sabara kuwa ta kowa ce. Da an kwashe amfani, mai neman itace na shiga kowace gona, mai magani na tonon saiwa, kuma inda itace ya yi wuya har kututturen ake haƙewa, wanda shi ne kisan da ba ta tashi daga gare shi. Wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Babaldu ya ga tarin itace da buhunan gawayi a bakin titi ya san matsin da dajin ke ciki. Haka kuma wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina ba zai yi wahalar shekara uku don wani ya ci ba, mai gonar ma yana iya ɗaukar duk wani dashe a matsayin neman kafa hujja.

Dabbobi ba su ne babbar barazana ba. Raƙuma da awaki na cin ganyen, shanu kuwa sai rani ya tsananta, kuma babban gindi na jure kiwo. Kiwo a nan ba baƙo ba ne, zanen shanun da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, shaida ne. Sabon tsiro ne kawai ke bukatar 'yar ƙaya a kansa a raninsa na farko. Tsarin da zai ce a rufe gonaki da rani zai haifar da rigimar da ta fi sabara tsada.

A kan batun wa ke da ita, Nijar ta riga ta nuna hanya. A Dan Saga da ke yankin Aguié, kwamitocin ƙauye da suka haɗa da mata da makiyaya su ne suka tsayar da satar itace a gonaki, kuma a 2020 gwamnatin ƙasar ta fitar da doka da ta amince wa manomi da haƙƙin itatuwan da ya rena a gonarsa. A Birnin Kudu da Gwaram ba sai an jira doka daga Dutse ba kafin dagaci da masu unguwanni da arɗo su zauna su ce: yankan reshe da izini, haƙar kututture a gonar wani laifi ne.

Gwajin da ake bukata

Abin da zai gamsar da manomi da hukuma shi ne fili a ƙasarsu. Jami'ar Tarayya ta Dutse da hukumar aikin gona ta jihar, JARDA, da Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero na da ma'aikatan da za su iya. A zaɓi gonakin tudu a ƙananan hukumomin biyu, a kan jigawa da kan jar ƙasa, a raba kowace huɗu: inda aka cire sabara, inda aka bar ta ana ƙonawa kamar yadda aka saba, inda aka bar ta ba ƙonawa, da inda aka yawaita ta a layi ba ƙonawa. A auna amfanin gona da danshin ƙasa da adadin rassan da suka rayu bayan rani, a kuma rubuta kwanakin aikin da kowane kashi ya ci, domin wannan ne manomi zai fara tambaya. Kada a yi ƙasa da shekara biyar, tunda gyaran ƙasa ba ya nuna kansa a damina ɗaya.

Kafin duk wannan sai an yi ƙidaya, a san gindi nawa ne a hekta a Sundimina, nawa ne a Kila ko Farin Dutse, don a san inda turbuɗe reshe zai wadatar da inda sai an kai dashe. Lokacin ƙidayar Fabrairu ne zuwa farkon Maris, sa'ad da gona ke fili kuma ba a fara sassabe ba.